Kimiyya a Sauƙaƙe: Tsirran da Suka Koma Farauta

  

A makon jiya mun yi bayanin yadda tsiro yake haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iska. Bayan fitowar shafin sai wata ɗaliba 'yar aji biyar ta aiko mana da saƙo. Ta ce yayanta ya nuna mata wani bidiyo a waya, ƙuda ya sauka a kan wani ganye, ganyen ya rufe shi ruf kamar baki. Ita ta ce haɗi ne irin na kwamfuta, shi kuma ya rantse gaskiya ne, har musu ya hana su cin tuwon dare cikin natsuwa. Tambayarta ita ce: idan har tsiro yana cin ƙwaro, ina amfanin darasin da muka kawo makon jiya?

Ƙanwarmu, yayanki ne da gaskiya, sai ki ba shi haƙuri. Amma tambayarki ta fi musun daraja. Mu ma da malaminmu ya fara kawo zancen a shekararmu ta farko a jami'a, dariya muka yi, mun zaci barkwanci yake yi don ya kore mana barci. Sai da ya sa mu karanta tarihin abin sannan bakinmu ya mutu. Masana sun ƙirga tsirrai kimanin 800 masu kama ƙwari su narkar da su. Yau za mu ɗauki dangi ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Droseraceae, domin a cikinsa ne tsiron da kika gani a bidiyo yake.

Yunwar da ta jawo farauta

Mu fara da abin da kowa ya sani. Da damina ta kama, babban abin da ke damun manomi shi ne taki. Gonar da ba ta samu Yuriya ko NPK ko takin gargajiya ba, za ku ga masararta ta yi rawaya ta tsumbure, ko da kuwa ruwa da rana sun wadata. Dalili shi ne abincin da ganye yake haɗawa da hasken rana sukari ne kawai. Kafin tsiro ya gina jikinsa, ya yi fure, ya ba da iri, sai ya samu wasu sinadarai daga ƙasa, manyansu su ne naitrojin da fosfaras. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska.

Kowane tsiro da dabararsa. Gyaɗa da wake da gawo suna ajiye wasu ƙananan halittu a cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu, su ne suke kamo musu naitrojin daga iska. Ƙuduji ba ya wahalar da kansa, saiwar dawa da gero yake tsotsa. Kauci kuma bishiya yake hawa ya zauna a kanta.

To akwai wuraren da ƙasar ta fi kowace talauci, wato dausayi mai tsami. Ruwa yana kwance a wurin kusan kullum, iska ba ta ratsa ƙasar, saboda haka ganyen da ya mutu ba ya ruɓewa da wuri balle ya zama taki. A wani wurin kuma yashi ne fari tas, ruwan sama ya wanke duk wani abin amfani da ke cikinsa. Akwai rana, akwai ruwa, babu taki. Amma akwai ƙwari, kuma jikin ƙwaro cike yake da naitrojin da fosfaras. Tsirran da muke magana a kansu sun samu takinsu a jikin ƙwaro.

Saboda haka darasin makon jiya yana nan daram. Waɗannan tsirrai kore ne, suna haɗa sukarinsu da hasken rana kamar kowane tsiro. Ƙwaron da suke kamawa buhun takinsu ne. Ku riƙe wannan, domin nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe a jarrabawa, su rubuta cewa tsiron ba ya buƙatar rana.

Dangi ɗaya, gida uku

Dangin Droseraceae gida uku ne a yau.

Gida na farko, wanda ya fi yawan jama'a, shi ne Drosera. Sunan ya fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin raɓa, kuma da kun ga tsiron za ku gane dalili. Ganyensa cike yake da gashi, yawanci ja, a kan kowane gashi akwai ɗigo mai ƙyalli kamar raɓar asuba, sai dai ita wannan raɓar ko rana ta take ba ta bushewa. Mu kira shi raɓar-rana. Ɗigon danƙo ne mai yauƙi, ya fi yauƙin kuɓewa kamawa. Ƙwaro ya hango ƙyalli ya sauka, ƙafarsa ta maƙale. Yana fizge-fizge yana ƙara taɓa wasu gasun, su kuma suna lanƙwasowa a hankali suna tura shi tsakiyar ganye. A wasu nau'o'in ganyen da kansa yake naɗewa a kan ƙwaron cikin 'yan sa'o'i, kamar ana naɗe tabarma. Wanda ya taɓa ganin yara suna shafa danƙo a reshe don kama tsuntsu ya ga irin wannan farautar.

Raɓar-rana tana da nau'i sama da 200, kuma ana samunta a kowace nahiya ban da Antatika, amma mafi yawan nau'o'in a Ostireliya suke. Akwai 'yan mitsi-mitsi da ba su kai faɗin kwabo ba, akwai kuma Drosera regia ta Afirka ta Kudu wadda ganyenta kan wuce rabin mita. Har yanzu ana gano sababbi. A shekarar 2015 masana suka bayyana wata ƙatuwa mai suna Drosera magnifica daga kan wani dutse a jihar Minas Gerais ta ƙasar Barazil, kuma a hoton da wani mai sha'awar tsirrai ya ɗora a Facebook suka fara ganinta. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Drosera indica, mai siraran ganye kamar zare, tana fitowa da damina a wurare masu damshi a Afirka ta Yamma, har da Najeriya.

Gida na biyu mutum ɗaya ne tak a cikinsa, Dionaea muscipula, tsiron bidiyon ƙanwarmu. Mu kira shi tarkon-ƙuda. Duk da sunan da ya yi a duniya, a daji ba ya fitowa da kansa sai a wani ɗan yanki na jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmington. Daga garin zuwa iyakar inda ake samunsa bai fi kusan tazarar Kano zuwa Zariya ba.

Gida na uku ma mutum ɗaya ne, Aldrovanda vesiculosa. Ita a cikin ruwa take, ba ta da saiwa ko ɗaya, tana yawo a ƙarƙashin fuskar ruwa. Ganyenta suna kewaye da kara kamar waya a ƙafar keke, a ƙarshen kowane ganye akwai ɗan tarko mai 'yan milimita kaɗan, irin na tarkon-ƙuda, yana kama ƙananan halittun ruwa har da 'ya'yan sauro. Tana girma ta gaba tana mutuwa ta baya. An same ta a Turai da Asiya da Ostireliya da Afirka, kuma a cikin ƙasashen Afirka da aka taɓa tsintar ta akwai Chadi da Ghana.

Tsiron da ya iya ƙirga

Bari mu tsaya a kan tarkon-ƙuda, domin a nan abin mamakin ya fi yawa.

Ƙarshen ganyensa ya rabu gida biyu kamar littafin da aka buɗe, bakin kowane ɓari da dogayen haƙora. A cikin kowane ɓari akwai 'yan gasu tsaye, yawanci guda uku. A gefen tarkon kuma akwai ruwa mai zaƙi da ke jawo ƙwari.

Idan ƙwaro ya taɓa gashi sau ɗaya, babu abin da zai faru. Idan ya sake taɓawa cikin kimanin daƙiƙa 20 zuwa 30, tarko ya rufe, kuma rufewar takan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Me ya sa sai sau biyu? Domin rufe tarko da sake buɗe shi aiki ne mai cin ƙarfi, kuma kowane tarko yana da iyakar rufewar da zai yi kafin ya lalace. Ɗigon ruwan sama ko tsinken da iska ta jefo sau ɗaya yake taɓawa ya tsaya. Abu mai rai ne yake motsi ya sake taɓawa.

Tsiro ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jijiyoyi irin namu, to da me yake tunawa an taɓa shi? Duk taɓawa tana haifar da ɗan saƙon lantarki da ke ratsa ganyen, saƙon kuma yana ƙara yawan sinadarin kalsiyam a cikin ƙwayoyin ganyen. Taɓawa ɗaya ba ta kai shi mizanin da ake buƙata. Idan ta biyu ta zo da wuri sai ta ɗora a kan ta farko, mizani ya cika. Idan ta makara, na farkon ya riga ya sauka, sai a koma farko. Kamar mai cika tulu mai yoyo ne, in bai yi sauri da guga na biyu ba, na farko ya tsiyaye. Masana a Japan sun nuna wannan ƙarara a 2020, lokacin da suka samar da tarkon-ƙuda mai haske a duk inda kalsiyam ya taru.

Saurin rufewar kuma daga siffar ganyen yake. Idan tarko yana buɗe, kowane ɓari a banƙare yake zuwa waje, a ɗame. Ku yanka tsohuwar ƙwallon roba gida biyu, ku juya rabin baibai, ku ɗan taɓa shi, za ku ga ya koma yadda yake fat ɗaya. Haka ɓarin ganyen yake yi da zarar saƙo ya iso.

Rufewar farko ba ta cika ba. Haƙoran suna sarƙewa su bar 'yan kafofi, ƙaramin ƙwaron da bai kai a wahala a kansa ba ya sulale ya fita, tarko ya sake buɗewa. Babba kuwa ba shi da hanya. Yana ta kokawa yana taɓa gasun, tsiron yana ci gaba da ƙirga. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Würzburg ta Jamus, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa idan taɓawar ta kai biyar, ganyen yakan shiga haɗa ruwan narkar da abinci gadan-gadan, kuma yawan motsin ƙwaro ne yake nuna masa yawan ruwan da zai zuba. Da ƙwaron zai kwanta shiru da ya tsira. Kokawarsa ce take kashe shi.

Daga nan bakin tarko ya manne gam, ya zama ɗan ƙaramin ciki. Bayan mako guda ko fiye ya buɗe, ba abin da ya rage sai busasshen ɓawo, iska ko ruwa ya ɗauke. Kuma duk da sunansa, ƙuda kaɗan ne a cikin abincinsa. Tururuwa da gizo-gizo da sauran ƙwari masu tafiya a ƙasa ya fi kamawa. Furensa kuwa a kan dogon kara yake fitowa, nesa da tarkunan, kuma masu bincike sun lura cewa ƙwarin da suke ɗaukar masa ƙurar fure ba su cika faɗawa tarkonsa ba.

Yadda aka tabbatar

Turawa sun san tarkon-ƙuda tun wajejen 1760, amma manyan masana na lokacin, har da Carl Linnaeus wanda ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, ba su yarda cewa cin ƙwarin yake yi ba. An ɗauka ganye ne mai jin taɓi kawai, irin tsiron nan da yake naɗe ganyensa idan yara sun taɓa shi.

Wanda ya zauna ya bi abin daki-daki shi ne Charles Darwin na Ingila. A 1860 ya lura da yawan ƙwarin da suka maƙale a ganyen wata raɓar-rana mai suna Drosera rotundifolia. Ya kwashe shekaru yana gwaji. Ya ɗora mata nama da farin ƙwai da madara, ya ɗora mata ruwa zalla, ya ɗora gutsuren gilashi da gashin mutum. Ya ga ɗigon ruwa ba ya motsa ta. Abu mai tauri marar amfani yakan sa gasun su lanƙwaso, amma ba su daɗewa suke sakinsa. Abin da yake ɗauke da naitrojin kuwa sai su riƙe shi kwana da kwanaki har ya narke. A 1875 ya fitar da littafi sukutum a kan tsirrai masu cin ƙwari.

Duk da haka akwai sauran tambaya: narkarwar tana amfanin tsiron kuwa? Ɗansa Francis Darwin ne ya amsa a 1878. Ya raba tsirran gida biyu a wuri ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya, ya rufe su don kada ƙwari su shiga. Ya riƙa ba kashi ɗaya gutsattsarin nama, ya hana ɗayan. Waɗanda suka ci nama suka fi yawan fure da yawan iri da nauyinsa. Ku lura da tsarin nan da kyau, ƙannenmu. A canja abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a kwatanta. Duk gwajin da za ku yi a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta a kan wannan ƙa'idar yake tsaye.

Daga ina farautar ta faro?

A darasinku na juyin halitta an gaya muku cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali cikin dogon zamani. Wannan dangi misali ne mai sauƙin bi, domin matakan suna nan a raye muna ganinsu. Amma mu gyara wani kuskure tukuna. Babu tsiron da ya zauna ya yanke shawarar zama mafarauci. A cikin 'ya'yan tsiro ɗaya akwai bambance-bambance, kamar yadda zangarniyar gero ɗaya ba ta ba da tsirrai masu tsayi ɗaya. Wanda bambancinsa ya dace da wurin ya fi ba da iri, 'ya'yansa su gaji halin. Manomi yana zaɓen iri da hannunsa. A dausayi, yunwar taki ce take zaɓe.

Ga yadda masana suka fahimci matakan. Tsirrai da yawa suna da gashi mai danƙo don kare kansu daga ƙwari. Ku shafa karan tumatir ko ganyen taba za ku ji. Ƙwari suna maƙalewa su mutu a jikin irin waɗannan tsirrai. A ƙasa mai taki wannan bai ƙara wa tsiro komai ba. A dausayi kuwa, tsiron da ganyensa yake iya tsotsar ko da ɗan kaɗan daga ruɓaɓɓen ƙwaron ya samu abin da maƙwabtansa ba su samu ba.

Ruwan narkarwar ma ba daga sama ya faɗo ba. Tsirrai sun daɗe suna da sinadaran da suke yaƙar naman gwari da sauran cututtuka. Abin da ya yi bangon naman gwari, wani abu mai tauri da ake kira kaitin, shi ne ya yi ɓawon ƙwaro. Makamin da aka tanada don cuta sai ya yi aiki a kan ƙwaro. Haka kuma akwai wani sinadari da kowane tsiro yake saki idan tsutsa ta fara cin ganyensa, kamar ƙararrawar gargaɗi. Shi ɗin ne raɓar-rana da tarkon-ƙuda suke saki idan sun yi kamu, sai dai a wurinsu ƙararrawar ta zama ta cin abinci. A 2020 aka wallafa binciken da ya kwatanta ƙwayoyin gado na gidajen nan uku. An gano cewa a jikin kakansu ƙwayoyin gadon sun taɓa ninkuwa biyu, abin da ya ba da rara da za ta iya ɗaukar sabon aiki. An kuma gano cewa wasu ƙwayoyin gado da suke aikin tsotsar taki a saiwar sauran tsirrai, a nan cikin ganye suke aiki. Wato ganye ya karɓi aikin saiwa. Shi ya sa saiwar waɗannan tsirrai ba ta da yawa, ita Aldrovanda ma ta rabu da ita gaba ɗaya.

Tarko mai rufewa daga baya ya zo. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa tarkon-ƙuda na Amurka da Aldrovanda ta cikin ruwa 'yan ɗaki ɗaya ne, kakansu ɗaya, shi kuma daga masu danƙo ya fito. Amfaninsa a fili yake. Danƙo yana riƙe sauro da ƙananan ƙudaje, amma babban ƙwaro mai ƙarfi yakan fizge ya tafi, kuma babban ƙwaro ɗaya ya fi ƙanana da yawa taki. Ganyen da ya fi saurin naɗewa ya fi riƙe manya. Da tafiya ta yi nisa, gasun gefe suka zama haƙora, wasu na tsakiya suka zama masu jin taɓi, danƙo ya zama ba a buƙatarsa. Tarihin ya daɗe ƙwarai. An tono irin Aldrovanda da ƙurar furenta da suka daskare a cikin ƙasa tun fiye da shekara miliyan 30, kuma burbushin ya nuna gidan ya taɓa samun nau'o'i da yawa. Wadda muke gani yau ita kaɗai ta rage.

Wani abin da ya ba mu mamaki a aji shi ne zumunta. Idan aka bi salsala, dangin Droseraceae sun fi kusa da alayyafon da ake mana miya da shi fiye da wasu tsirran masu cin ƙwari. Akwai Utricularia, mai ɗan fure rawaya da ke leƙowa saman ruwa a tafkuna da fadamun ƙasarmu, wadda take zuƙe ƙananan halittun ruwa da 'yan jakunkuna. Ita 'yar'uwar riɗi da karkashi ce. Akwai Sarracenia ta Amurka mai ganye kamar tulu, ita kuma ta fi kusa da kaɗanya da kanya. Ma'ana, cin ƙwari ya ɓullo sau da yawa a zuriyoyi daban-daban da ba su gaji abin daga juna ba. Matsala ɗaya ce ta kai su ga mafita iri ɗaya.

Kuma hanyar ba gaba kawai take tafiya ba. A dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kodebuwa akwai wani tsiro mai hawa bishiya, Triphyophyllum peltatum, ɗan'uwan wannan dangi na kusa. Yawancin rayuwarsa ganye na yau da kullum yake yi. Wani lokaci ne kawai yake fitar da ganye mai danƙo, kuma a 2023 masana a Jamus suka nuna cewa ƙarancin fosfaras ne yake sa shi yin haka. Wasu 'yan'uwansa ma sun bar farautar kwata-kwata. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Abin da zai iya ɓacewa

Idan dabarar tana da kyau haka, me ya sa duk tsirrai ba su koma farauta ba? Saboda tana da tsada. Ganyen da ya zama tarko ba ya haɗa sukari kamar faffaɗan ganye, danƙo kuma yana shan ruwa. Cinikin ba ya riba sai inda rana ta wadata, ruwa ya wadata, taki ya yi ƙaranci. Da zarar taki ya shigo wurin, ciyayi masu saurin girma za su taso su yi musu inuwa su kashe su.

Nan ne haɗarin yake. Takin zamani da ruwa yake wankowa daga gonaki zuwa dausayi guba ne a wurinsu. Haka janye ruwan dausayi don noma ko gini. Aldrovanda ta ɓace daga yawancin wuraren da aka san ta da su, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Shi tarkon-ƙuda matsalarsa uku ce. Gine-gine suna cin mazauninsa. Hana gobarar daji yana barin ƙananan itatuwa su rufe shi, domin ya saba da wutar da take share wurin lokaci-lokaci. Sannan ga masu tonewa su sayar. Abin ya kai jihar Karolina ta Arewa ta mayar da satarsa daga daji babban laifi a 2014.

Kada ku ce wannan matsalar Amurka ce. Tsirran da ke fadamunmu ba su da masu ɗaukarsu bidiyo, kuma fadamar da aka cike da ƙasa aka yanka fulotai ta tafi da duk abin da ke cikinta, wanda aka sani da wanda ba a kai ga rubutawa ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda duniya ta san shi saboda tsuntsayen da suke zuwa daga Turai, ya ragu tun da madatsun ruwa suka rage ambaliyar da take ciyar da shi, ga kuma kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Mutane suna buƙatar gona da gida, wannan gaskiya ne. Amma masu yanke hukunci a kan fadama gobe suna zaune a ajinku yau, kuma mutum ba ya kare abin da bai san da shi ba.

Aikin wannan mako

Na farko, ku amsa a littafinku: me ya sa tarkon-ƙuda zai mutu idan aka ajiye shi a ɗaki mai duhu, ko da ana ba shi ƙwari kullum?

Na biyu, ku tsara gwaji irin na Francis Darwin da wake ko masara a gwangwani biyu. Ku rubuta abu ɗaya da za ku canja da abubuwan da za ku bari daidai.

Na uku, ga waɗanda suke kusa da fadama ko tafki. Ku roƙi malaminku na kimiyyar halittu ya fita da ku ƙarshen damina. Ku duba ruwa marar zurfi ko za ku ga ɗan fure rawaya a tsaye a saman ruwa. Idan malam ya ɗago tsiron ya sa a farin kwano, ku duba 'yan jakunkunan da ke jikin zaren ganyensa. Waɗanda suka yi baƙi sun riga sun ci abinci. Kada kowa ya je shi kaɗai, kada kuma a shiga ruwan da ƙafa, saboda tsargiya. Ku zana abin da kuka gani, ku rubuta rana da wuri, ku mayar da tsiron inda kuka same shi.

Ƙanwarmu mai tambaya, ki ci gaba da ƙin yarda da bidiyo sai kin bincika. Sauran ma ku aiko da tambayoyinku da zanenku ta adireshin wannan shafi, za mu buga waɗanda suka fi kyau.